Hukuncin kunne: yadda kiɗa ke shiga tsakaninmu da adalci

Wata rana ina tasha ina jiran mota ta cika, cajin wayata ya kusa ƙarewa. Rumfunan caji biyu ne a jere, katako ɗaya ya raba su. A ta farko wani saurayi ne mai askin zamani, lasifikarsa na dukan ƙirji da waƙar gambara. A ta biyu wani ne da ba zai girme shi da shekara uku ba, shi kuma bege ya kunna ƙasa-ƙasa, mandiri na tafiya a hankali. Ban tsaya wani tunani ba, ƙafata ta kai ni rumfa ta biyu. Na miƙa waya, ya manna mata lamba, ya ba ni 'yar takarda. Bayan awa ɗaya na karɓi abata cike da caji, mota ta tashi. Babu abin da ya faru, babu wanda ya cuce ni, babu kuma wanda ya yi mini wata bajinta.

Sai da muka yi nisa abin ya dawo mini a rai. Ban tambayi kuɗin caji a rumfar farko ba. Ban duba wa ke da akwatin kulle wayoyi a cikinsu ba, ban tambayi ko ɗan kamasho ɗaya wa aka fi yarda da shi a tashar ba. Na ɗora wa mutum ɗaya amana, na hana wa ɗayan, kuma shaidar da na dogara da ita gaba ɗaya ita ce abin da ke fita daga lasifika. Saurayin nan na farko bai san an yi masa shari'a ba, balle ya kare kansa.

Idan ana maganar kiɗa da tarbiyya, tambaya ɗaya muka saba yi: me kiɗa yake yi wa mai sauraronsa, yana lalata shi ko yana gyara shi? Tambaya ce mai nauyi, zan kuma zo kanta. Amma masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wata tambayar da ba kasafai muke yi ba, wato me kiɗa yake yi wa mai yanke hukunci. A wannan ɓangaren ne shaidu suka fi ƙarfi, kuma shi ne ya fi shafar irinmu da ke ganin mun fi ƙarfin kiɗa ya juya mu.

A 1996 wata mai bincike a Amurka, Carrie Fried, ta yi wani gwaji mai sauƙi wanda har yau ake komawa gare shi. Ta ɗauko baitukan wata tsohuwar waƙa ta 1960 da wasu fararen fata uku suka rera, waƙar da ke ba da labarin wani da ya harbe ɗan sanda. Ta rubuta baitukan a takarda, ba kiɗa, ba murya, ta riƙa ba mutane su karanta. Wasu ta ce musu waƙar gargajiya ce, wasu ta ce musu irin waƙar fararen fata mutanen karkara ce da ake kira kantiri, wasu kuma ta ce musu gambara ce. Kalmomi ɗaya, ba a canja ko wasali ba. Waɗanda aka ce wa gambara ce sun fi ganin baitukan a matsayin abin ƙyama, sun fi tsoron abin da za su haifar a cikin al'umma, sun fi goyon bayan hukuma ta sa hannu. Sai ta sake gwajin ta wata hanya: ba ta ambaci nau'in waƙa ba, hoton mawaƙin kawai ta haɗa da takardar, wasu suka ga baƙar fata, wasu suka ga farar fata. Sakamako bai canja ba, takardar da ke da hoton baƙar fata ita ta sha suka. Shekara 20 bayan haka, a 2016, Adam Dunbar da Charis Kubrin da Nicholas Scurich a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka maimaita gwajin. Suka tarar har yanzu idan an ce gambara ce, mutane sun fi ɗaukar baitukan a matsayin labarin abin da mawaƙin ya aikata da gaske.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin a kotunan Amurka masu gabatar da ƙara sun sha karanta baitukan mawaƙan gambara a gaban masu taya alƙali yanke hukunci, a matsayin shaidar cewa wanda ake tuhuma mugu ne ko ya yi niyyar laifi. Marubucin labarin kisan kai ba a kai littafinsa kotu a ce ya amsa laifi. Saurayi baƙar fata da ya rubuta baiti kuwa ana kai nasa. Abin ya yi yawa har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2022 da ta tilasta wa alƙalai su auna sosai kafin su karɓi aikin fasaha a matsayin shaida.

Mu da muka tashi da kirari ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ɗan dambe yana shiga fage da hannu a naɗe, kalangu na kiran takensa, ya ɗaga murya ya faɗi mazan da ya kai ƙasa da garuruwan da aka yi kuka saboda shi. A dambe idan ka kayar da abokin karawa cewa ake yi ka kashe shi, 'yan kallo su yi ta sowa an yi kisa. Ɗan tauri yana goga wuƙa a ciki yana cika baki da abin da zai yi wa duk wanda ya tare shi. Babu mai hankalin da zai je ya kira 'yan sanda, saboda kowa ya san fage ne, magana ce ta fage, kuma gobe za ka tarar da mutumin a mahauta yana yanka maka tsoka yana tambayar lafiyar iyali. Amma a rubuta wannan kirarin a takarda a miƙa wa baƙon da bai taɓa ganin dambe ba, a ce masa wani saurayi ne daga unguwar da ake tsoro ya rubuta, me zai ce? Dattijon da ke murmushi idan ya ji kirarin 'yan farauta shi ne yake ɗaure fuska idan ya ji jikansa yana cika baki cikin gambara. Ban ce abu ɗaya ne ta kowace fuska ba, akwai batsa da zagin iyaye a wasu waƙoƙin zamani da kirari bai san su ba, kuma ƙyamarsu daidai ne. Abin da nake nufi shi ne sau da yawa mun riga mun ƙi kafin mu ji abin da aka faɗa, domin mun gane irin mutanen da suka saba yin irin wannan kiɗan.

Kuma wannan ɗabi'ar ta girmi gambara. A ƙasar Hausa makaɗi yana raka sarki, yana tsayar da biki, ana yi masa kyautar riga da doki, amma idan ɗansa ya zo neman aure a gidan da ya gama wasa su, sai a fara 'yan kame-kame. Ana son kiɗan, ana raina mai yinsa. Roƙo ne ya jawo, in ji wasu, wasu su ce tsoron bakinsa ne, tunda mai yabo yau shi ne mai zambo gobe. Ko ma mene ne dalili, sana'ar ta zama tambarin da ake karanta halin mutum da shi tun ba a zauna da shi ba.

To akwai gaskiya ko kaɗan a cikin irin wannan karatun? Akwai, amma ba ta kai yadda muke ɗauka ba. Peter Rentfrow da Samuel Gosling sun yi wani bincike a Jami'ar Texas da aka buga a 2006. Sun haɗa ɗaliban da ba su san juna ba biyu-biyu, suka ce su yi ta hira ta intanet na mako shida don su san juna, su zaɓi duk abin da suka ga dama su tattauna. A makon farko kashi 58 cikin ɗari sun yi maganar kiɗa, ya fi fim, ya fi littattafai, ya fi tufafi da wasanni. Wato matasa da kansu suna amfani da waƙa kamar katin shaida. Da aka ba wasu mutane waƙoƙi goma da kowane ɗalibi ya fi so, sun iya cankar wasu halayensa daidai gwargwado, musamman ko mutum ne mai son sabon abu da zurfafa tunani. Sai dai da masu binciken suka gwada zaton da ake yi wa masoya nau'o'in kiɗa daban-daban da ainihin halayensu, sai suka ga zaton da ake yi wa masu son waƙoƙin addini yana da ƙamshin gaskiya, wanda ake yi wa masu son gambara kuwa yana cikin waɗanda suka fi kaucewa. Daga baya, a 2017, Thomas Schäfer da Claudia Mehlhorn a Jamus suka tattara binciken da aka yi a kan wannan batu suka auna su tare, suka ce alaƙar halin mutum da irin kiɗan da yake so siririya ce ƙwarai, a yawancin wurare kusan babu. Waƙar mutum za ta iya gaya maka shekarunsa, da unguwarsu, da abokan da yake zama da su. Ba za ta gaya maka ko zai mayar maka da canjinka daidai ba.

Yanzu bari mu shiga ciki, mu ga ta wace ƙofa kiɗa yake bi. Ba ta ƙofar hujja yake shiga ba, jiki yake fara kamawa. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre a Jami'ar McGill da ke Kanada sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da ke sa tsikar jikinsu tashi. Sun ga ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, wanda ke da hannu a daɗin abinci da sauran abubuwan da rai ke kwaɗayi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba a lokacin da daɗin ya kai ƙololuwa kaɗai ake sakinsa ba, tun daƙiƙoƙi kafin nan, lokacin da mai sauraro yake jiran wurin ya iso, wani sashe na ƙwaƙwalwar ya riga ya fara. Duk wanda ya taɓa ganin gwanin kalangu yana jan rai, yana matse tsarkiya yana sassautawa, ya ƙi sakin taken da kowa ke jira har sai fage ya ɗauki zafi, ya ga wannan ilimin a aikace.

Kuma abin bai tsaya ga al'ada ɗaya ba. Thomas Fritz ya hau duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, wurin mutanen Mafa, ya nemi waɗanda ba su taɓa jin kiɗan Turawa ba. Ya kunna musu gajerun kaɗe-kaɗen piyano, ya ce su nuna hoton fuskar da ta dace da kowanne: mai farin ciki, mai baƙin ciki, ko mai tsoro. A sakamakon da aka buga a 2009, sun dace fiye da yadda canka kawai za ta bayar, ko da yake ba su kai Turawan da suka tashi da kiɗan ba. Sauri da nauyi da hawa da saukar sauti suna ɗauke da wani abu da kunnen ɗan Adam ke ganewa ba tare da tafinta ba.

Malaman Musulunci sun san da wannan ƙarfin tun da daɗewa, shi ya sa ma suka yi ta muhawara a kansa. Hadisin Anjasha yana cikin Bukhari da Muslim: mai kyakkyawar murya ne da ke rera wa raƙuma waƙa a kan hanya, raƙuman su ƙara sauri, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya bi a hankali da kwalabe, yana nufin matan da ke kan raƙuman. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro. Ya kwatanta abin da ke cikin zuciya da wutar da ke ɓoye a cikin dutse da ƙarfe, da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, ya ce sauraro ne ke fito da su. Ya kawo maganar magabata cewa sauraro ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, motsa abin da ke ciki yake yi. Ibnul Ƙayyim ya tsaya a ɗaya gefen, ya tsananta a kan waƙa da kayan kiɗa, Ibn Hazm kuma ya sassauta. Hukuncin halas da haram na malamai ne, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Abin lura a nan shi ne duk da saɓaninsu babu wanda ya ce kiɗa iska ce kawai da ke wucewa. Mai hanawa da mai bari sun haɗu a kan cewa yana taɓa zuciya.

Idan ya taɓa zuciya, yana taɓa ma'auninta? Angelika Seidel da Jesse Prinz a New York sun gwada haka a 2013. Sun kunna wa wasu mutane wani kiɗa mai ƙara da hayaniya da ke harzuƙa rai, wasu kuma kiɗa mai sanyi da faranta zuciya, sannan suka ba su gajerun labarai su yanke hukunci. Waɗanda kiɗa ya ɓata wa rai sun fi tsananta wa mai laifi. Waɗanda aka faranta wa rai sun fi ganin taimakon mabuƙaci a matsayin abu mai kyau, har ma wajibi. Labarin ɗaya ne, laifin ɗaya ne, abin da ya canja shi ne sautin da ya shiga kunne mintuna kaɗan kafin nan. Fiƙihu ya riga ya tsare wannan ƙofar da hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, kuma malamai sun haɗa da yunwa mai tsanani da duk abin da ke dagula tunani.

Za a iya cewa to ai shi ke nan, a riƙa jin kiɗa mai daɗi. Binciken Naomi Ziv a Isra'ila ya rushe wannan. A 2012 ita da abokan aikinta sun shirya tallace-tallacen rediyo na ƙarya. Ɗaya yana tallar inda za a haɗa wa mutum takardun bogi don ya ƙara kuɗin fanshonsa, ɗaya yana tallar inda ɗalibi zai samo aikin da wani ya rubuta ya miƙa da sunansa. Wasu sun ji tallar da murya kawai, wasu sun ji ta da kiɗa mai armashi a bayanta. Masu kiɗan sun fi karɓar abin, sun fi ganin ba wani laifi ba ne. A wani gwajin da ta yi daga baya ta nemi mahalarta su yi mata wata alfarma da za ta cutar da wata ɗaliba ba gaira ba dalili, kamar a kira ta a gaya mata an fasa ba ta abin da aka yi mata alkawari. Waɗanda aka kunna wa kiɗan da suke so sun fi amsawa da to. Farin ciki yana sassauta mai gadin da ke bakin zuciya, ya bar baƙo ya wuce ba bincike.

A nan dole in ja birki kaɗan don kar in sayar da abin da ya fi ƙarfin kayan. Irin waɗannan gwaje-gwajen yawanci ƙanana ne, ɗaliban jami'a 'yan gomomi, a ɗaki, na ɗan lokaci. A 2015 da aka maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba. A shekarar ce kuma Justin Landy da Geoffrey Goodwin suka tattara gwaje-gwajen da ke cewa jin ƙyama na tsananta hukunci, suka ga tasirin ɗan kaɗan ne. Don haka kiɗa ba asiri ba ne da zai mayar da mutumin kirki ɓarawo. Tura ce 'yar kaɗan. Amma wanda ke tsaye a kan iyaka tsakanin e da a'a, tura kaɗan ta ishe shi, kuma masu talla da 'yan siyasa ba mutum ɗaya suke nema ba, miliyoyi suke turawa. Duk kakar zaɓe muna gani: waƙa ta fito mai daɗin amshi, yara na rerawa a lungu, mata na rerawa a wurin wanke-wanke, har wanda ba ya son ɗan takarar ya tsinci bakinsa yana bi. Cikin baitukan akwai habaici da ƙazafi da idan a magana aka faɗe su da mutane sun ce a kawo hujja. Da yake an ɗora su a kan kiɗa, babu mai tambaya.

Tsohuwar tambayar nan kuwa, ko waƙar tashin hankali na sa mutum tashin hankali, amsarta ta rabu. Craig Anderson da abokansa sun nuna a 2003 cewa jin baitukan zubar da jini yana ƙara tunanin faɗa da jin gaba na ɗan lokaci bayan sauraro. A Ostireliya kuma, Leah Sharman da Genevieve Dingle sun ɗauki mutum 39 masu son kiɗan metal mai tsananin ƙara a 2015, suka sa su tuna abin da ya ɓata musu rai, sannan suka bar su su ji kiɗansu. Bai ƙara musu fushi ba, hucewa suka yi. Wanda ya saba da kiɗa da wanda aka ɗora wa shi ba abu ɗaya suke ji ba, maganar da Gazali ya kawo ke nan ta wata fuska.

Inda ƙarfin kiɗa ya fi bayyana a wurina shi ne a cikin taro. Duk wanda ya taɓa halartar gayya ya sani. Samari sun jeru kowa da kunyarsa, garma a hannu, rana ta take. Mai gangar noma yana bin bayansu, ya kira taken wannan ya koma kan wancan, duk garemanin su sauka lokaci ɗaya su tashi lokaci ɗaya, ƙura ta turnuƙe. Wanda ya fara ja da baya sai ganga ta yi masa magana, kowa ya gane da wa ake, ya ciji leɓe ya cim ma sahu. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita, kafin la'asar an tashe ta. Da yamma ana shan fura a gindin bishiya, mutanen da suka zo da 'yar tsama a tsakaninsu suna miƙa wa juna ludayi.

Masu bincike sun bi wannan har zuwa jarirai. Sebastian Kirschner da Michael Tomasello a Leipzig ta Jamus sun haɗa yara 96 'yan shekara huɗu biyu-biyu a 2010. Wasu sun yi wasa da waƙa da rawa tare, wasu sun yi wasan iri ɗaya ba waƙa. Bayan nan aka shirya yadda 'yan duwatsun wasan ɗaya yaron za su zube a ƙasa. Yaran da suka yi waƙa tare sun fi tsayawa su taya ɗan'uwansu tsincewa. A Jami'ar McMaster ta Kanada, Laura Cirelli da Laurel Trainor sun sauko har zuwa 'yan wata 14. Ana goya jariri a gaba ana jijjiga shi da kiɗa, wata baƙuwa tana fuskantarsa tana rausayawa, ko daidai da shi ko a saɓe. Daga baya baƙuwar ta yi kamar abu ya suɓuce mata, ta miƙa hannu ta kasa kaiwa. Jariran da aka yi rausaya daidai da su sun fi ɗauko mata. Yaron da bai iya magana ba ya riga ya san wanda suka taka tare.

Sai dai akwai wani sashe na wannan binciken da ba a cika ambata ba, kuma shi ne ƙashin bayan maganar. Da suka kawo wata baƙuwar da ta zauna a gefe ba ta yi rausayar ba, jariran ba su ƙara mata taimako ba. Alherin bai bazu ga kowa ba, ya tsaya ga abokin rawa. Kiɗan taro yana ɗinke waɗanda ke ciki, kuma ɗinkin nan shi ne yake shata iyakar waɗanda ke waje. Scott Wiltermuth, wanda ya nuna a 2009 tare da Chip Heath cewa masu tafiya ko waƙa a tare sun fi haɗa kai da sadaukarwa, shi ne ya dawo a 2012 da ɗaya fuskar. Mutanen da suka yi motsi daidai da wani a kan kiɗa sun fi bin maganarsa da ya ce su sakar wa wani baƙo ƙara mai ciwon kunne. Waɗanda suka yi tafiya ƙafa-da-ƙafa da mai gwajin sun fi yi masa biyayya da ya ce su zuba wasu ƙananan ƙwari cikin injin niƙa, ba su san an shirya injin yadda ba zai kashe komai ba. Gangar da ke tashin gona ita ce ke tashin runduna. Ina ganin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya hango ke nan a Kitabul Farƙ, inda ya soki sarakunan Hausa da shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ba, amma ya bar buga tambari don tara mayaƙa ko sanar da tashinsu da saukarsu. Bai raina ƙarfin ganga ba, tambayarsa ita ce ina za ta kai mutane.

Ruwanda ta ga ƙarshen wannan hanyar a 1994, lokacin da aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari, akasarinsu 'yan Tutsi. Simon Bikindi yana cikin manyan mawaƙan ƙasar, gwani ne da ya san kiɗan gargajiya da tarihi, yana jagorantar ƙungiyar rawa, yana kuma aiki a ma'aikatar matasa. Gidan rediyon RTLM ya yi ta maimaita waƙoƙinsa a tsakanin sanarwar da ke ingiza mutane su fita kisa. An kama shi a Holan a 2001, aka kai shi kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha a Tanzaniya. Alƙalan sun sami kansu a gaban duk tambayoyin nan a lokaci ɗaya, ga kuma duniya tana jiran a ce waƙa ta yi kisa. Suka zauna suka bi waƙoƙi uku baiti-baiti da taimakon masana harshe da tarihi. Suka yarda cewa biyu daga cikinsu an tsara su ne don a cusa ƙiyayyar Tutsi, suka yarda cewa yadda rediyon ya yi amfani da su ya ƙara rura wutar. Amma suka ce an yi waƙoƙin tun kafin kisan, kuma ba a kawo hujjar cewa yana da hannu a watsa su a 1994 ba, don haka ba su ɗaure shi a kansu ba. Abin da suka kama shi da shi wani abu ne da ya yi da bakinsa ba kiɗa: a ƙarshen watan Yuni na shekarar, a kan hanyar Kivumu zuwa Kayove, ya yi amfani da lasifikar mota ya kira 'yan Hutu su tashi su ƙarar da Tutsi, a dawowa kuma ya tambaya ko an gama. Sun raba waƙar da mawaƙin da aikin, suka auna kowanne daban, abin da ni ban tsaya na yi wa saurayin rumfar caji ba a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar 2 ga Disamba 2008 aka yanke wa Bikindi ɗaurin shekara 15. Ya rasu a Jamhuriyar Benin a Disamba 2018.